Kaluluwa Ranar Lalle

"Ke nika tambaya, ba wancan ba. Mi za ki kawo mani gida?"

Hinde ce mai wannan magana, mahaifiyar Malam Attahiru, wanda ke neman auren Ni'imatu. Takanas ta taso daga Kebbe a bayan motar 'yan kasuwa, ta shigo gidan ba ta karɓi ruwa ba, tabarmar da aka shimfiɗa mata ma da ƙafa ta ture ta.

Ni'imatu tana durƙushe, kanta a ƙasa. Mace mai shekara talatin da uku, malamar Yaƙi da Jahilci wadda matan Tambuwal ke gyara zama in ta shigo aji, ga ta yau kamar wadda aka kama da kayan sata.

"An gaya mani komi," in ji Hinde. "Sun yanke ki can kudu, sun ɗebe mahaifa sun yas. Mu ko saniya tab bar haifuwa, ba mu ƙara mata wuri cikin garke. Wancan shi guda na gare ni. Shanun ubanshi wa za ya bar ma?"

"Inna, ban hana shi ƙara wata ba."

"Shi yac ce ba shi yi! Yac ce ke, ko babu. Mi kinka ba shi yac ci?"

Babu abin da ta ba shi. Da ma tana da abin bayarwa, da ta ba shi tun shekara goma sha biyar da suka wuce, lokacin da ya tafi Zariya koyon aikin asibiti ya yi gum da bakinsa, irin na mazan da ke zaton mace za ta karanto zuciyarsu daga nesa. Kafin ya dawo ta auri Sama'ilu, akawun En'e, mutumin kirki wanda bai taɓa ɗaga mata murya ba. Sanƙarau ya ɗauke shi a shekarar da aka sami 'yancin kai, ya bar ta da 'ya ɗaya, Mu'minatu. Shi kuwa Attahiru ya taɓa aure sau ɗaya, auren bai ga damina biyu ba.

Bara ne jini ya ɓalle mata, ba na al'ada ba. Wata biyar ƙanwar mahaifinta, Goggo Tambaya, wadda suke zaune tare, tana ɗirka mata jiƙe-jiƙe, kunya ta hana a faɗa wa kowa. Attahiru ne, yana malamin asibitin Tambuwal a lokacin, ya ga yadda idonta ya yi fari fat, ya rubuta mata takarda zuwa Sakkwato. Daga can aka tura ta wani babban asibiti a kudu, aka ce ciwon daji ne a bakin mahaifa, aka yi mata aiki.

Ta dawo da tabo tun daga cibiya har mara, da ambulan a liƙe mai ɗauke da sunansa. Ita Hausar boko kamar ruwa take karanta ta, amma Turanci ko na sayen gishiri ba ta da shi. A zaure ya buɗe takardar. Ya daɗe a kanta, ya ninke, ya sa a aljihun gaba, ya ce, "Alhamdu lillahi. Sun ce sun cire shi."

A wannan zaman ya nemi aurenta. An riga an mayar da shi aiki Kebbe, ya ce lalle a ɗaura kafin ruwan farko ya yanke hanya. Ta yi dariya ta ce mutumin da ya yi shekara goma sha biyar yana jan ƙafa, yau shi ne da gaggawa.

Faɗan Hinde bai tayar mata da hankali sosai ba. Tsohuwa ce, ta yi ta gaji, ta koma da motar yamma, ɗanta kuma bai janye ba. Wanda ya san inda zai taɓa ta shi ne Ɗanmaliki, ƙanen marigayi Sama'ilu, mai fataucin fata a Sanyinna. Tun da ta fita takaba yake aiko mata da turare da maganganu, tana mayar masa da abinsa. Da ya ji an sa rana, sai ya zo da dattawan gidansu.

"Ɗiyar wana ba ta zama agola Kebbe," in ji shi. "In kin dawo gidanmu, ga ɗaki, ga ɗiyarki. In kin zauna haka, mun bar maki ita. Amma ran da anka ɗaura maki aure da bare, ran nan nika ɗaukar ta."

Dattawa suka ce gaskiyarsa. Attahiru yana wurin, ya zuba mata ido.

Ni'imatu ta gyara mayafi ta ce, "Ai taku ta."

Ko ƙwalla ba ta yi ba. Yaya za ta yi? Mu'minatu 'yar fari ce. Shekara tara ke nan sunan yarinyar bai taɓa fitowa daga bakinta ba, sai dai waccan, sai yarinyar nan, sai ke. Ba ta taɓa yi mata kitso a tsakar gida ba, ba ta taɓa ɗora ta a cinya a gaban mutane ba. Haka uwarta ta yi wa babban wanta, haka kowace mace mai kunya ke yi. Abin da ba wanda ya sani shi ne, in ta raba tuwo, tsokar da ke ƙasan kwanon yarinyar daga nata kwanon ta fito.

Da shekaru ta lallashi zuciyarta. Sanyinna ai ba bangon duniya ba ce. Za ta je kowace salla. Yarinya za ta girma, ta yi aure, ta zo wankan haihuwar fari wurin uwarta, su zauna su more juna. Tunda an cire ciwo, rai yana da tsawo a gaba, rabuwar 'yan shekaru ba za ta kashe kowa ba. Da wannan ta amince aka sa ranar Juma'a, Ɗanmaliki kuma ya ce zai zo ya ɗauki yarinya ranar Alhamis da la'asar.

* * *

Ranar Alhamis da hantsi Goggo Tambaya ta kwaɓa lalle a ƙwarya, ta zaunar da ita a inuwar rumbu. Zafin bazara ya riga ya fara dukan ƙasa. Mu'minatu tana can bakin ɗaki tana ɗaure 'yan kayanta a tsohon zane, tana kwancewa, tana sake ɗaurewa.

"Bazawara ko ba bazawara ba, ba ki shiga Kebbe da ƙafa fara awa ta mai jinya," in ji Goggo. "Su ga jan lalle, bakinsu shi mutu."

Ta shafe ƙafar dama tsaf, ta rufe da ganye, ta naɗe da tsumma. Ta jawo ta hagu ta ɗora a cinyarta, sai ta tsaya tana jujjuya ta.

"Ke, ƙiba kika yi da ƙafa guda? Wagga ta fi waccan."

"Kaluluwa ta, Goggo. Ta kwan goma."

"Kaluluwa? To ina mikin?"

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san kaluluwa ba ta zuwa haka kawai. Sai ka yi tuntuɓe, ko ƙaya ta karye maka a tafin ƙafa, ko faso ya yi ruwa, sannan ta fito a matsematsi ta yi maka zafi kwana uku. A warkar da mikin, ita ma ta kama gabanta. Don haka Goggo ta shiga nema. Ta buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta danna ƙarƙashin farce, ta ƙanƙare diddige da ɗan yatsa, ta bi ƙwauri har gwiwa.

Ƙafa sumul, ko cizon sauro babu.

"Ikon Allah. Taho ɗaki in taɓa."

A ɗaki Goggo ta sa hannu ta lalubo ta. Ga ta nan kamar ƙwallon goruba ƙarami, da tauri, ba ta motsi.

"Da zafi?"

"Babu."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan, Goggo."

Tsohuwar ta yi tsaki ta goge hannu a zane. "Ni dai tun da nike ban taɓa ganin kaluluwa babu miki babu zafi ba. Bari in ɗebo toka mai ɗumi in shafa maki, kafin gobe ta sace. Zumuɗin aure na, ba komi ba."

Ta fita tana dariya. Ni'imatu ba ta bi ta ba.

Wani abu ne ya faɗo mata, wanda ta daɗe da turawa bayan zuciya. Ranar da za a sallame ta a asibitin kudu, wata ma'aikaciya mai 'yar Hausa ta ce mata, ba mahaifa kaɗai aka cire ba, har da 'yan kaluluwar cikin ƙugu, an kai su a duba a madubin likita, amsar tana cikin takardar da za ta kai gida.

Sai kuma Attahiru. Kowace Juma'a in ya tako kekensa daga Kebbe, bayan gaisuwa, kafin ma ya sha ruwa, tambayarsa ɗaya ce: ƙafa ba ta kumbura? Baya ba shi ciwo? Ba wani ƙullutu ko'ina? Ita kuwa tana jin daɗi, tana cewa a ranta ga mai so, har ƙafarta yake tambaya. Makon jiya ta ɓoye masa, don kada ya ce a ɗaga biki.

Ta leƙo ƙofar ɗaki.

"Goggo! Aje tokag ga. Tafi masaukin baƙin Kebbe ki kira mani Malam."

"Yau? Ran lalle? Ke ko kunya..."

"Goggo, don Allah."

Tsohuwar ta dubi fuskarta sau ɗaya, ta ɗauki mayafi.

* * *

Bayan azahar Attahiru ya iso a kan kekensa, cikin farar riga sabuwa, an yi masa aski, yana ƙamshin turare. Da ya gan ta zaune a zaure, ƙafa ɗaya a naɗe ɗaya a buɗe, murmushin ya tsaya masa a rabin hanya. Idonsa bai je fuskarta ba, kan ƙafar hagu ya sauka.

Wannan kallon kaɗai ya ishe ta amsa.

"Malam, takardag ga tana aljihunka?"

"Wace takarda, Ni'ima?"

"Kada ka yi mani haka. Wata fuɗu nika ganin shatinta ga aljihunka, ko riga kac canza tana nan. Fiddo ta."

Ya fiddo. Ta yi laushi saboda ninki, gefenta ya yi baƙi da zufa.

"Karanta mani. Layi layi, awa yadda nika karanta ma ɗalibaina. In kat tsallake kalma guda, Allah shina gani."

"Mi yaf faru?"

"Kaluluwa ta fito mani. Goggo ta nemi miki ta rasa."

Ya zauna daɓas a kan dakalin zaure. Ya cire hula ya riƙe.

"Tana yiwuwa aikin da anka yi na," in ji shi. "Wani lokaci ƙafa takan kumbura bayan..."

"Karanta."

Bai karanta ba, don ya riga ya haddace ta. Ya dubi ƙasa ya fara magana da muryar da yake yi wa dangin marasa lafiya bayani a bayan asibiti.

"Cikin ƙugu akwai 'yan kaluluwa jere, awa zangon fatake bisa hanya. Ciwon ga in ya tashi daga bakin mahaifa, nan shika yada zango, daga wanga shi wuce wancan. Shi ya sa likita ba shi tsayawa ga mahaifa, sai ya kwaso su ya duba. Goma sha bakwai yac cire maki."

"Sai mi?"

"Fuɗu yat tarar ciwon ya riga ya sauka. Guda daga cikinsu can sama take, kusa da ƙashin baya. Ita ta ta ƙarshe da hannunshi yak kai."

"Gaba da ita fa?"

"Bai sani ba."

Ni'imatu ta gyaɗa kai a hankali, kamar an ba ta amsar da ta dace a aji. "Kac ce mani sun cire shi."

"Sun cire wanda sunka gani. Ban yi maki ƙarya ba."

"A'a, ba ka yi ba. Rabin gaskiya kab ba ni, kas sa rabi aljihu. Ci gaba. Likitoci ba su rubuta takarda mai tsawo haka don kaluluwa fuɗu."

Hawaye suka zubo masa, ya bar su. "Yac ce in kaluluwa ta fito da tsabta, cikin mata goma, takwas suna kai shekara biyat, da yawa su tsufa. In ciwon ya kama ta, ba su kai rabi. Irin naki kuwa, da yah hau sama..."

"Faɗi."

"Shekara guda zuwa biyu. Amma Allah ka da sani, Ni'ima."

"Shi yar rubuta Allah ka da sani, ko kai kaƙ ƙara?"

"Ni naƙ ƙara."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗin ji. A tsakar gida ana jin Goggo tana faɗa da kaji, da muryar Mu'minatu tana tambaya ko za ta tafi da allonta.

"Wata fuɗu sun tafi daga ciki," in ji Ni'imatu. "Ina nan ina ɗinkin kayan ɗaki."

"Akwai wani gashin ciwo da aka yi da haske, yac ce shina iya ja ma ciwon birki. Injin babu shi Arewa. Takarda ukku nar rubuta ina roƙo a kai ki inda shike, har yau ba amsa. Ban zauna ba, wallahi ban zauna ba."

"Ban ce ka zauna ba. Cewa nay yi, don mi ba ka gaya mani ba?"

"Ba a gaya ma maras lafiya! Haka anka koya muna, haka likitan da kainai yar rubuta ƙasan takarda. In kag gaya ma mutum, ka kashe shi tun kwananshi ba su ƙare ba." Ya share fuska da hular. "Kuma ki ji wadda ba ta cikin takarda. Na san abin da ka zuwa. Na ga mata biyu da shi, na san yadda ƙarshen shike. Za ki so allura safe da yamma, za ki so mai juya ki, mai ɗaga ki. Ni na iya. Amma da wane suna za ni shiga ɗakinki in ba aure? Wa za ya bar ni? Na yi shiru sau guda na rasa ki shekara goma sha biyat. Nac ce wagga karon ko wata shidda na, hannuna za ki ƙare, ba hannun masu toka da jiƙo ba."

Nan ne kuka ya ƙwace mata. Da mugu ne, da abin ya zo da sauƙi. Tana son mutumin nan tun tana budurwa, tana son sa yanzu da yake zaune yana kuka da sabon aski, kuma ta san duk abin da ya faɗa har zuciyarsa ne.

"Attahiru," ta ce, karo na farko da ta kira sunansa tun suna yara. "Ka yi tunanin allura, ka yi tunanin uwarka, ka yi tunanin ruwan sama da hanyar Kebbe. Yarinyag ga fa?"

Ya ɗago kai.

"Yau da la'asar za a tafi da ita. Na yarda don ina ce shekaru na gabana. Ina ce ni ka yi mata wankan fari. Ashe salla biyu ta rage mani, ko ukku, kuma daga Kebbe, da ƙafag ga, cikin damina. Sau nawa za ni gane ta kafin a rufe ni? Kai da kas sani, ka lissafa?"

"Ke kinka ce tasu ta," ya ce. "Gabana kinka faɗi. Na dube ki, ko idonki bai yi ja ba. Ban taɓa jin kin kira ta ba, ban taɓa ganin kin jawo ta jiki ba. Nac ce ashe kin iya rabuwa da ita."

Ta dube shi kamar yau ta fara ganin sa.

"Kai ɗan fari na ga Inna Hinde. Ka taɓa jin sunanka ga bakinta?"

Ya kawar da kai.

"Wancan taka ce maka. Amma tsohuwag ga ta hau bayan mota bisa buhunna, ta sha rana tun daga Kebbe, ta zo ta ci mutuncina har gida, duk don wancan. Kai da kat tashi cikin wagga kunya, kai ka ce mani ba ka san mi ag ƙarƙashinta ba?"

Ya rufe fuska da hannu biyu.

"Ka sani," in ji ta. "So na ba ka yi ka tuna ba, don in ka tuna ba ka samu na."

"Ki gafarce ni. A ɗaga auren, in je in roƙi Ɗanmaliki, in durƙusa mashi..."

"Ɗanmaliki da ka jiran in faɗi shi ɗauka? Ka san ba shi bari." Ta jawo gefen mayafi ta goge ido. "Ka san abin da ya fi ci mani rai? Da ka karanta mani ita ran nan, ka ce Ni'ima ga kwanakinki, ga ni, ga ɗiyarki, zaɓi, wallahi ban san wa za ni zaɓa ba. Wataƙila kai. Wataƙila in ce yarinya ta saba da gidan ubanta tun ina da rai, ya fi mata. Da na tafi Kebbe da ƙafata, da idona buɗe. Yanzu ba ni taɓa sani, kai ma ba ka taɓa sani."

Daga waje aka ji ƙararrawar keke, sai sallama da murya mai ƙarfi. Ɗanmaliki bai ma jira la'asar ta yi sosai ba.

* * *

Goggo ce ta fito da yarinyar ta ƙofar zaure, ta bi ta gabansu. Mu'minatu ta sha wanka, an shafa mata mai, ƙunshin kayanta a ka, allo a hammata. Da ta zo daidai uwarta ta ɗan rage tafiya, ta rusuna ba ta ɗago ido ba.

"Inna, na tafi."

Ni'imatu ba ta ce komai ba. Shekara tara ta koya wa bakinta wannan shirun, bai san wata hanya ba.

A ƙofar gida maƙwabta sun fara taruwa, mata suna leƙe ta kan danga. Ɗanmaliki ya ɗaure ƙunshin a gaban kekensa, ya ɗaga yarinyar ya ɗora a baya, yana ta gaisawa da mutane da fara'ar wanda ya ci shari'a. Ya ɗora ƙafa a feda.

Sai ga Ni'imatu a bakin zaure, ba takalmi, ƙafa ɗaya cikin tsumma, ɗaya a kumbure.

"Mu'minatu."

Yarinyar ba ta waiwayo ba. Ba ta san sunanta da wannan muryar ba.

Goggo Tambaya ta dafe ƙirji. Wata maƙwabciya ta ce, "La ilaha, ɗiyar fari!"

"Mu'minatu!" Wannan karon har bakin kasuwa an ji. "Sauko."

Yarinyar ta juyo, baki buɗe. Ta dubi uwarta, ta dubi baffanta, ta zamo daga kan keken a hankali kamar mai tsoron a ce wasa ake yi.

"Mi ke nan?" in ji Ɗanmaliki. "Mun yi magana gaban manya. Gobe in an ɗaura..."

"Ba a ɗaurawa. An fasa."

Fuskarsa ta washe, har ya gyara zaman hula. "To, ai da ma na faɗi. Gidanmu na nan buɗe, matar yaya, ɗaki na nan..."

"Kai ma babu. Kac ce in na zauna haka kun bar mani ita, manya sun ji. Kwance kayan." Ta matso ta kama hannun yarinyar, a gaban kowa. "Yi haƙuri kaɗan, Ɗanmaliki. Ba ka daɗewa kana jira. Har gida za a kawo maka ita."

Bai gane ba, ya tsaya yana raba ido. Wanda ya gane yana tsaye a bakin zaure da takarda a hannu, farar rigarsa ta jiƙe a ƙirji.

"Ni'ima," ya ce a hankali, da ta zo wucewa. "Wa za ya yi maki allura?"

Ta tsaya. Ta so ta dube shi, ta san in ta duba ba za ta iya wucewa ba. Ta miƙa hannu ta zare takardar daga yatsunsa, tunda tata ce, ta soke ta a ƙugu, ta shige.

A inuwar rumbu ƙwaryar lalle tana nan, sauran ya bushe ya tsattsage. Ta zauna a tabarma. Mu'minatu ta durƙusa ta kwance mata tsumman, ta ɓare ganyen. Lalle ya kama ja wur, irin wanda amare ke roƙo.

"Inna, ɗayar fa? In kwaɓa wani?"

"Bar ta." Ta buɗe ƙafafunta, ta jawo yarinyar ta zaunar a tsakani, nan tsakar gida, mata suna kallo ta kan danga. Ta zare ɗankwalin, ta sa yatsu cikin gashin da Goggo ta saba kitsawa. A waje an ji keke ɗaya ya tashi da ƙararrawa. Ɗayan an daɗe ba a ji motsinsa ba.

"Mu'minatu," ta ce.

"Na'am, Inna."

"Ba komi. Kira dai nika yi."